Kwalabe Biyu a Tukunya Ɗaya

Kwalabe biyu ne yanzu a tukunyar jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, inda ake ajiye maganin allurar suga don ya samu sanyi idan an ɗauke wuta. Ɗaya ta Malam Sabiru ce. Ɗayar, mai jan zare a wuya, ta kyanwarsu Gwamma ce.

Tun da likitan dabbobi a Katsina ya ce ciwon suga ne ke ramar da Gwamma, ya sa ta yawan shan ruwa, Murja, matar Malam Sabiru, ta zama wata iri. Ta hana kyanwar sauran tuwo, sai dafaffen kifi. Safe da yamma takan jira ta cinye, sannan ta ɗora ta a cinya, ta ɗaga fatar ƙeyarta, ta soka allurar tana lallashi.

"Sannu, 'yar gidana. An gama, an gama."

Malam Sabiru na kan tabarma, rediyo a kunne, ido a kansu. Shi ma ya yi shekaru da wannan ciwo. Ranar da aka fara rubuta masa allura, Murja ta miƙo hannu za ta karɓa, ya ce shi ba yaro ba ne. Tun daga nan a ɗaki yake yin abinsa, ƙofa a rufe, kuma ba ta sake tayi ba.

"Kifi kuma yau? Mu da muka riga ta kamuwa, ko ƙaya ba mu gani ba."

"Ga tuwon alkamarka can, Malam."

"Ita har da sannu."

"Ita ba ta rufe mini ƙofa."

Washegari ya sayo dabino a kasuwar Daura, ya zauna daidai inda za ta gan shi, ya ci, ya jera ƙwallayen a bakin tabarma. Da can, da ta yi masa faɗa har maƙwabta su ji. Yau ta zo ta share ƙwallayen, don kada Gwamma ta haɗiye.

Bayan la'asar ta gama da kyanwar, tana shafa mata baya. Ya daɗe a tsaye a gindin randa. Sannan ya ɗauko kwalbarsa da sabuwar allura, ya zo ya zauna kusa da ita, ya naɗe hannun riga.

"Hannuna rawa yake yi yau," ya ce, yana kallon katanga.

Murja ta dubi hannun. Ko motsi ba ya yi.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ta sauke Gwamma daga cinyarta, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta karɓi kwalbar, ta duba wuyanta ko da jan zare. Allurar ta shiga, ta fita. Bai saki hannun rigar ba.

"An gama, Malam."

"Shi ke nan?"

Ta ajiye allurar.

"Sannu," ta ce.

Gwamma na bakin ƙofa, ta zuba musu ido, wutsiyarta na bugun ƙasa.