Kujerun Makoki a Abakpa

Tun da Yaya Turai, mai hayar kujeru da rumfuna a Abakpa, ta sa manhajar kula da kwastomomi a wayarta, ba mu sake hutawa ba. Ni ce ƙanwarta, ni na san abin da kunnena ya sha. Manhajar ce ke faɗa mata kujerun da suka rage a sito, wa ya kama Asabar, wa ya kama Lahadi, har saƙon fatan alheri take tura wa mutane da kanta. Sau ɗaya aka fitar da rumfa ba a shigar ba, bukukuwa biyu suka yi karo. Daga ranar ta kafa wa Malam Nuhu mai kula da sito doka: ko ƙafar kujera ce za ta fita, sai an shigar.

Ana nan sai mijin Ladidi ya rasu. Ladidi fa aminiyar Yaya ce tun suna 'yan mata, katanga ce kawai ta raba gidajensu. A unguwarmu kujerar makoki ba haya ake ba da ita ba, don haka Yaya ta ce a kai duk abin da ake buƙata. Malam Nuhu ya zo shigarwa, ya tarar manhajar ba ta san mutuwa ba. Biki, suna, walima, shi ke nan. Bawan Allah ya danna biki, ya sa lambar Ladidi.

Ranar sadakar uku muna tsakar gidan, mata maƙil, wayar Ladidi ta yi ƙara. Idanunta sun kumbura don kuka, sai ta miƙa wa ƙanwar mamacin, a zatonta ta'aziyya ce. Ita kuwa ta karanta da ƙarfi:

"Hajiya Turai na taya ku murnar wannan rana. Allah ya maimaita mana!"

Innalillahi! Yaya ta miƙe tsaye.

"Ladidi, na'ura ce, na rantse ba ni ba ce..."

Uwar mamacin, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta dafa bango ta tashi daga kujerar da take kai, ta zauna a ƙasa. Sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Ladidi ba ta ko ɗago kai ba. A hankali ta ce, "Hajiya, a turo a kwashe."

Tunda nake, ban taɓa jin ta kira Yaya da Hajiya ba.