Waƙar da Makirfo Bai Ji Ba

Wata shida ke nan Wanda Pruitt tana shan wulaƙanci a Hollywood, ita da in ta buɗe baki a rediyo Amurka kaf sai ta yi tsit. Wani kamfanin fim ne ya ɗauko ta a 1953, ta fito a matsayin mawaƙiyar da mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Waƙa dai ba mai koya mata. Amma da an ce ta yi magana a gaban kyamara sai ta sandare kamar turmi, hannuwanta su rasa inda za su sa kansu. Ta san da haka sarai, amma darakta Halvorsen, wani dogo mai sanƙo da sigari ba ya barin bakinsa, kullum sai ya tuna mata.

"Mis Pruitt, mijinki ne fa ya mutu, ba kyanwar maƙwabta ba! Kuma ga alli nan a ƙasa, a kansa ake tsayawa. Ko sai na ɗaure ki da igiya?"

Haka take haɗiyewa, don abu ɗaya take jira: fitowar ƙarshe, inda za ta yi waƙa a tashar jirgin ƙasa da wasiƙar mutuwar mijin a hannunta. A nan kaɗai za ta nuna wa mutanen nan cewa ba maƙogwaro zalla suka ɗauko ba.

To, ga yadda ake aikin a gidan. Tun makonni kafin nan ake ɗaukar waƙa a faifai, ranar ɗaukar hoto a kunna da ƙarfi, mutum ya yi ta motsa baki yana bin muryarsa kamar akuya mai tuƙa. Ita kuwa Wanda tunda take ba ta taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Sau goma sha takwas ana ɗauka, Halvorsen na buga hularsa da ƙasa.

A na sha tara ranta ya gama ɓaci. Ta dubi wasiƙar, sai ta tuna irinta ta gaske da aka kawo wa mahaifiyarta shekara tara da suka wuce, a kan yayanta Dale. Ta yi watsi da faifan ta saki muryarta, ta ja inda ya yi sauri, ta tsaya inda kuka ya shaƙe ta. Masu fitila suka daina taunar cingam. Har ta kai ƙarshe Halvorsen bai tsayar da kyamara ba.

"Wannan ita ce," ya ce a hankali. Ya juya ga tsoho Ogden mai ɗaukar sauti. "Ka samu muryar?"

"Wace murya? Ranar da ake bin faifai ai ba ma kunna makirfo, kai ma ka sani." Ogden ya dubi Wanda. "Hoto dai an samu, 'yar nan. Murya kam ta bi iska."

Wanda ta yi jifa da wasiƙar. "Ƙarti arba'in a ɗakin nan, kowa da kunnuwansa biyu, an rasa mai danna maɓalli ɗaya? Wata shida kuna ce mini gunki! Yau na fasa ƙirjina na ba ku, ashe ku ne gumakan!"

Kwana uku aka ajiye ta a ɗakin sauti, ana haska mata fuskarta a bango, wai ta sake rerawa daidai da leɓɓanta. Ina! Matar da ke bangon tana numfashi inda Wanda ba ta yi, tana karyewa inda Wanda ta riga ta wuce. Ta yi har muryarta ta dushe, ba su haɗu ko sau ɗaya ba. Baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Ƙarshe Halvorsen ya sa ɗauka ta bakwai a fim ɗin, wadda baki ya bi faifai tsaf, ido kuwa kamar na kifin da ya kwana a kasuwa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, da rana tsaka, Wanda ta shiga silima ta zauna can baya da baƙin tabarau. Waƙar na ƙarewa aka ɗau tafi. Wata mata a gabanta ta karkata ga mijinta tana goge hannu da hankici.

"Murya kam har murya," ta ce. "Amma kana ganin fuskarta ka san yarinyar nan ba ta taɓa rasa kowa ba."