Neman Wa Maɓalli Aiki

Kalilu tela bai taɓa cewa yana son kare ba. Ko yau ka tare shi a shagonsa da ke bakin hanyar Kusugu ka tambaye shi, ce maka zai yi tausayi ne kawai, kuma tausayi ai ba laifi ba ne. Wata rana da damina ruwa ya koro wani ɗan kwikwiyo ja, haƙarƙari duk a waje, ya shige ƙarƙashin keken ɗinki ya kwanta a kan ƙyallaye. Kalilu ya ce bari ruwa ya ɗauke ya kore shi. Ruwa ya ɗauke, damina ta wuce, aka yi girbi, kwikwiyo ya zama kare, har ya samu suna Maɓalli saboda wani baƙin ɗigo a tsakiyar goshinsa. Korar ce dai ba a samu sukunin yi ba.

Da safe ya bi Kalilu shago, da yamma ya biyo shi gida ya kwanta a bayan rumbu. Shatu, matar Kalilu, ta ware masa wani tsohon kasko, ta kuma ja masa kunne a kan kwanukanta. Ranar da ya sa baki a ƙwaryar furarta sai da ta wanke ta sau bakwai, tana wanki tana ambaton dangin karen kaf. Ba ta kiransa da suna. “Baƙon Baban Murja” take ce masa, Murja kuwa ita ce 'yarsu da ke aure a Zango.

Ana nan sai Malam Usman, yayan Kalilu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, ya aika a kira shi zaure bayan ɗalibansa sun watse.

“Kalilu, karen nan naka mene ne aikinsa?”

“Aiki, Yaya Malam?”

“Aiki. Abu uku ake ajiye kare dominsa: gadi, farauta, ko kiwo. In ba ɗaya daga ciki, kullum ladan mai gida raguwa yake. Kai kuwa na san ladanka, bai kai yawan da za a riƙa gutsura ba.”

“Ai gadi yake yi.”

“Ban taɓa jin haushinsa ba.”

“Ba shi da surutu ne.”

Malam ya dube shi ta saman tabarau. Ya ce yana da wani ɗalibi mai gonar kankana a garin Babban Mutum da ke neman kare. In watan azumi ya kusa Maɓalli bai nuna sana'arsa ba, can za a kai shi a ɗaure a bakin gona. Kalilu ya ce to. Wa zai yi musu da wanda ya goya shi? Amma da ya fito ya ga Maɓalli a ƙofar gida yana jiransa yana share ƙasa da wutsiya, sai ya kau da kai ya goge ido. Ya ce ƙura ce.

Masu karnukan unguwar suna da majalisa a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon Ikenna, mai sayar da kayan gyaran babur. Nan Kalilu ya kai kukansa.

Ikenna, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, ya duba kunnen karen da haƙoransa. “Tela, ka ɓata shi da wasa. Kowa ya zo ɗinki sai ya yi masa magana, to wa zai yi wa haushi? Ɗaure shi da rana, kada ya ga kowa. Kuma ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar hauka. Ga kaska nan har ta yi unguwa a wuyansa.”

“Allura ba ta sa zuciya,” in ji Mahdi, tsohon mafarauci mai karnuka shida. “Kunnuwan nan za a rage. Kare mai dogon kunne rago ne. Sannan a samo rina a daka da barkono, a dama masa a kunu. Ya sha sau biyu, ko kai sai ka yi sallama kafin ka shiga gidanka.”

Maharazu ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Ya taɓa tuƙa motar wani babban mutum a Abuja, a gidan kuwa akwai karnuka masu likitansu. Tun da ya dawo yake yawo da usur a wuya, ko ɗaurin aure za shi. Shi ba shi da kare. Ya ce har yanzu bai ga wanda ya kai matsayinsa ba.

“Duk wannan aikin ƙauye ne. Kare ba ya jin Hausa sai Turanci, shi ya sa kuke wahala. A ba ni shi.”

“Nawa shida da Hausa suke kama gada,” in ji Mahdi.

“Sa'a suke yi, Baba.”

Kalilu ya bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, don mutum ne mai ladabi. Aka yi allura. Kaska kuwa zama ya yi da ɗan hantsaki ya cire su tas, yana yi yana ba karen haƙuri a hankali, yadda ba wanda zai ji. A kan rage kunne ne ya ce a'a. Ya ce shi da yake yanka yadi kullum ya san abin da almakashi ya ci ba ya komawa.

Ɗauri bai kai azahar ba. Maɓalli bai yi haushi ba, kwanciya ya yi ya ɗora haɓa a ƙafafunsa yana wani siririn kuka, Shatu ta aika shago ta ce a zo a kwance baƙon nan ko ita ta bar gidan. Rina kuwa Kalilu ya je ɗebowa da kansa a rufin wani kango. Ya dawo da guda huɗu a leda, da fuska kamar an hura balan-balan. Maɓalli ya lashe kunun ya yi barci mai daɗi. Kalilu ne ya yi kwanaki yana yi wa masu kawo ɗinki tsawa. Mahdi ya ce to ai magani ya ci, wurin ne dai ya kuskure.

Aka gwada farauta. Mahdi ya tafi da Maɓalli daji cikin karnukansa. Zomo na tashi, shida suka bi zomo, Maɓalli ya bi hanyar gari. Kafin Mahdi ya gama kiransa har ya isa shago ya shige ƙarƙashin keke.

Saura Maharazu. Kullum da la'asar sai ya zo da baƙin tabarau da safar hannu, ya tsaya a gaban shago ya busa usur har masu wucewa su taru.

“Sidon!”

Maɓalli, wanda dama a zaune yake, ya ci gaba da zama.

“Kun gani? Kamon, gerrof!”

Wata mai ƙosai ta gifta, Maɓalli ya tashi ya bi ta. Maharazu ya juya ya dubi jama'a, ya gyara tabarau.

Da ya ga horo ya kammala, ya ce a kira Malam ya shaida. Shi da kansa zai zama ɓarawo, ya hauro katangar baya da rana tsaka, kowa ya ga yadda ƙwararren kare ke aiki. Ya ce kada a ji tsoro, ya san kalmar da zai faɗa karen ya sake shi kafin ya yi masa illa. Aka gaya wa Shatu ta shige ɗaki. Malam ya zo ya zauna a kan turmi, ya tattare babbar rigarsa nesa da kare. Ikenna da Mahdi suka tsaya a bakin zaure. Kalilu kuwa addu'a yake a zuci, ko haushi ɗaya ne, ko na kuskure.

Sai ga Maharazu a kan katanga, ya naɗe fuska da rawani. Ya yi wani ihu, ya diro. Wandonsa ya maƙale a wani ƙarfe ya tsage tun daga ƙugu, takalmi ya yi nasa wuri, shi kuma ya faɗa tsakiyar shanyar kuɓewar Shatu.

Maɓalli ya zabura a guje. Karen ya isa gaban ɓarawo, ya sunsuna shi, ya kwanta ya ba da ciki a sosa masa.

“Atak!” in ji Maharazu daga cikin rawani. “Atak mana!”

“Yau na ga ɓarawon da ke roƙo a kama shi,” in ji Malam.

Maɓalli ya tashi ya ɗauko takalmin da ya faɗi, ya kawo wa ɓarawo har gabansa.

Daga ɗaki muryar Shatu ta taso. “Wane marar aikin yi ne ya tattake mini kuɓewa? Maharazu, kai ne ko? Da gemunka? Wallahi sai ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba uwarka zan je in gaya wa, ai na san gidanku!”

Maharazu ya durƙusa yana tsintar kuɓewa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wando. Ikenna ya fita waje don dariya ta ci ƙarfinsa. Malam ya miƙe ya kakkaɓe riga.

“Gidan nan yana da mai gadi, Kalilu, amma ba karen ba ne. Ranar kasuwa mai kankana zai shigo gari. Ka shirya shi.”

A 'yan kwanakin nan Kalilu bai ci abincin kirki ba. Ya ajiye ɗinkin mutane, ya tattara ragowar shadda da atamfa yana harhaɗa wata 'yar shimfiɗa mai kauri, har da cusa mata auduga. Ya kawo ta gida yana yi mata baki da allura. Shatu tana tsince shinkafa tana kallonsa.

“Baban Murja, ta wane jariri ce wannan?”

“Ƙyallaye ne suka taru. Kada su lalace.”

“Uhm.”

“An ce ƙasar can akwai sanyi da asuba. Kuma ba ya cin tuwo sai an farfasa masa, ban san ko mutumin zai…” Ya ciji zare.

Shatu ta daɗe tana dubansa. Shekara da shekaru suna tare, ko ranar da aka kai Murja ɗakin miji ba ta ga ya rasa ƙarshen magana ba. Ta ajiye faranti ta ce ya ara mata waya, za ta gaisa da ƙanwarta Auta a Dutsi. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Ranar kasuwa da hantsi, Malam ya fito ƙofar gida yana jiran ɗalibinsa. Kalilu yana tsugune, shimfiɗa a naɗe a hammata, Maɓalli na jingine da ƙafarsa. Sai ga babur ya tsaya, ba daga Babban Mutum ba, daga Dutsi. A bayansa an ɗauro wata tsohuwar tunkiya uda, gabanta baƙi bayanta fari, tana hararar duk wanda ta gani. Tunkiyar Shatu ce da ta ba Auta kiwo tun tuni suna raba 'ya'ya, har kowa ya manta da ita.

Shatu ta leƙo daga zaure, mayafi a ka. “Yaya Malam, ina kwana. Dabbata ce na dawo da ita gida. To ga shi ba mu da yaro, ban san wa zai riƙa kai ta kiwo ba. Sai na tuna ashe muna da kare.”

Malam ya dubi tunkiya, ya dubi kare, ya dubi ƙanensa, wanda ya sunkuyar da kai kamar shi ya ƙulla abin.

“Shatu, garken ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya Malam. Da kaɗan ake farawa.”

Aka kwance tunkiya. Maɓalli ya matso da fara'arsa zai gaishe ta, ta sunkuya ta kai masa karo a haƙarƙari. Ya koma bayan Kalilu. Ita kuwa ta kama hanyar fadama abinta, kamar a garin aka haife ta. Da ta yi nisa ta tsaya ta waiwayo ta yi kuka, Maɓalli ya fito sumui-sumui ya bi bayanta.

“Wa ke kiwon wa?” in ji Malam.

Malam ya shafa gemu, bakinsa na motsi kamar mai danne tari.

“Ni dai ban ga inda aka faɗi yawan tumakin ba. Amma kiwo kiwo ne, ba na baki ba. Kullum sai an fita da ita ta ci ta ƙoshi. Kuma karen nan ba a sake shi da amanar ko kaza, sai da babba a kusa.” Ya juya ga ƙanensa. “Me kake jira? Ga su can za su shiga gonar mutane.”

Kalilu ya miƙe da sauri, ya miƙa wa Shatu shimfiɗar ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Ya buɗe baki zai yi magana.

“Jeka, Baban Murja,” ta ce. “In za ku dawo ka yanko mata harawa. Shi kuma ka gaya masa tuwonsa na nan a kasko, na farfasa.”