Koren Maɓallin Baba Dantong

Tun da aka sallamo Baba Dantong daga asibiti bayan bugun zuciyar da ya kayar da shi a gonar dankali, matarsa Klaudiya ba ta da aiki sai sa masa ido. Nas Shakirat ta saka masa manhaja a waya. Kullum safe wayar takan tambaye shi yaya jiki, ya danna kore in lafiya, ja in akwai ciwo, amsar ta tafi wurin nas ɗin kai tsaye.

Baba kuwa kore yake dannawa, har da ɗan sunkuyar da kai kamar wayar ce surukarsa.

Ran Lahadi suna hawo tudun Kabong daga coci, Klaudiya ta ga ya tsaya ya dafe ƙirji, wai yana gyara maɓallin riga. Washegari ta tsaya a kansa da kofin shayi, ta ga yatsansa ya nufi kore. Ta riƙe hannun.

"Baban Ana, ƙirjin nan yana ciwo ko ba ya yi?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To, me ya kai ka kore?"

"Haba, Maman Ana! Mutum ya gaishe ka da sassafe, ka tare shi da ƙorafi? Ai da sauƙi ake cewa. Yarinyar nan Shakirat marasa lafiya sun yi mata yawa."

Dariya ta zo mata, tsoro ya danne ta. Wannan mutumin ko a gadon asibiti, da robar iska a hanci, da sauƙi yake ce wa masu dubiya.

"Ita ba gaishe ka take yi ba, nema take ta san gaskiya. Ni ma haka. Ban shirya zama ni kaɗai a gidan nan ba."

Ya zare hannunsa daga nata. Sannan ya danna ja, a kunyace. Shayin bai huce ba wayar ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana? Shakirat ce. Me ke faruwa?"

"'Yata, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ƙirjin yana matse ni in na hau tudu. Ya kwana biyu."

"Ku taho yanzu, Baba. Ina jiranku."

Klaudiya ta shiga ɗaki ɗauko masa rigar sanyi, ta tsaya a bayan ƙofa tana share hawaye. Tun da ta aure shi, yau ne ta fara jin ya ce wani abu yana masa ciwo, kuma ta ji daɗi ƙwarai.