Rabon Akuya

Kafinta yana tsaka da goge katako ya ji tim a gindin katanga. Shinkafa ce da nama, har da tururinta, aka wurgo daga gidan maƙwabcinsa Direba. Kafin ya ajiye abin hannunsa akuyarsa ta riga shi.

"Ke, tafi can! Ajalinki za ki ci!"

Ya tsire tsokar da ƙusa, ya shinshina. Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki.

"Kai da wa kuma?"

"Ni da mutanen gidan can. Yau ma sun jefo. Ke ina kika taɓa ganin an zubar da nama a wannan marra? Ruwa ba ya tsami banza."

"Kullum ka ce guba ce, ga akuya sai sheƙi take. Ni da ma ni suke jefo wa."

Kafinta mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya juya gaisuwar ya duba bayanta. Tun da suka yi cacar baki da Direba a kan kwatar ruwa yake jiran sharri daga gidan. Washegari ya jingina benci da katanga, ya laɓe. Rana na rabawa sai ga hannu da faranti. Ya miƙe zumbur, suka yi ido huɗu.

Amarya ce, matar Direba. Auren ya kwana biyu, amma sunan ya bi ta, tunda ba ta haihu ba balle a ce da ita maman wane. Kafinta ya san ta cikakkiyar mace mai kumatu. Yanzu awarwaronta ya zame har gwiwar hannu.

"Wa ya aiko ki? Me kika barbaɗa a ciki?"

"Baba, don Allah ka rufa min asiri. Wallahi abincina ne."

"Abincinki? Ke kuma iska kike ci?"

Ta sunkuyar da kai. Wai wata mata ce a waya, mai sayar da shayi, ta ce kitse ne ya toshe mata mahaifa. In ta bar abinci ta riƙe shayin safe da yamma, hanya za ta buɗe. Ga yayar mijinta, kullum ta zo sai ta ce da ita buhun da ba hatsi.

"Ita mai shayin, kin taɓa ganin 'ya'yanta?"

"Tana sa hotuna, Baba."

"Hotuna! Ni ma ina da hoton jirgin sama a shagona."

Ya tura matarsa ta je ta ji. Ta dawo tana tafa hannu.

"Wai ta yi ɓatan wata, murna take. Na ce yarinya, rijiyar da ta ƙafe me za a ɗebo? Duk yaran nan da na zuba, ba wanda na haifa da yunwa. Murmushi kawai ta yi min, irin na tsohuwa ba ta waye ba."

Kafinta ba ya kwana da magana. Ya tare Direba a bakin motarsa.

"Matarka ba ta cin abinci."

"Ikon Allah. Ni da nake tarar da faranti tas?"

"Akuyata za ka tambaya."

Direba ya kalle shi sama da ƙasa. "Au, leƙen matata kake ta katanga, Baba? Da furfurarka? In maganar kwata ce ka fito fili. Juna biyu ne da ita, laulayi ne ya rame da ita. Baƙin ciki kuke?"

Kafin sati ya zagayo Direba ya ƙara wa katangar tsawo da kwanon rufi. Ba a ƙara ganin hannu ba. Amma abinci bai fasa faɗowa ba, sai dai yanzu daga sama yake zuwa, ya watse a tsakar gida.

Ranar da bai faɗo ba, ihu aka ji. Amarya ta yanke jiki ta faɗi tana shanya. Kafinta ne ya kama wa Direba suka sa ta a mota. Ya sha ɗaukar ƙyauren taga da ya fi ta nauyi.

A asibiti likita ta ce babu ciki, ba a ma taɓa samunsa ba. Jikin da aka hana abinci shi yake ɗauke al'ada, zuciyar kuma ta gaji. Kafin rana ta faɗi Amarya ta cika.

Gidan Direba ya cika da mutane. Yayar miji ta fi kowa kuka, tana yi tana hararar katanga.

"Hannu aka sa wa yarinyar nan! Akwai masu leƙe a unguwar nan!"

Kafinta ya tsaya a bakin ƙofa. "Hannu ko baki, Yaya?"

Kukan ya tsaya cak. Matarsa ta ja shi gida.

Bayan an watse da kwanaki, Direba ya yi sallama ya shigo. Bai zauna a bencin da aka tura masa ba. Akuyar yake kallo. Ta haifi biyu a satin, ƙosassu, sai tsalle suke a cikin dusar katako.

"Baba, tun yaushe take jefo abincin?"

"Tun kafin ta ɗauki cikin waɗannan."

Rana ta raba. Akuyar ta tashi ta karkaɗe jiki, ta je gindin katanga ta ɗaga kai tana kallon kwanon. 'Ya'yan suka bi ta, suka durƙusa suna tsotso.