Auduga a Bakin Bindigar Baba

Bindigogi goma sha ɗaya Ra'is Dhani Bakhsh yake da su a kabad ɗin gilashi, duk masu baki biyu, duk ƙirar Ingila, kuma ko ɗaya bai taɓa jan kunamarta ba. Babban mai gonaki ne, mutumin da zai tashi daga garinsu Sanghar har birnin Lahore mai nisa don kawai ya ji wani tsohon gida zai rabu da bindigar kakansu. Ya sayo, ya goge, ya kulle. Ta tsakiya ita ce ta mahaifinsu, mai zanen fakara a jikin ƙarfe, kuma ita ƙaninsa Punhal ya shekara talatin yana roƙo. Ada yake ce masa, wato Yaya a yarensu.

"Ada, sau ɗaya tak. Fakara ɗaya zan harbo da bindigar Baba in dawo maka da abarka."

Kullum kuwa da amsa a bakin Dhani Bakhsh. Bana raɓa ta yi yawa. Harsashin zamani ya fi ƙarfinta. Ƙotar kamar ta ɗan tsage. A bari sai baɗi. Punhal ya yi dariya ya ce, "Wallahi Ada, da mata ne da tuni sun kai ka ƙara," sannan ya saɓa tasa ƙirar gida wadda duk ta koɗe, ya shige gonakin rake.

Ana nan sai likitocin Karachi suka duba hantar Punhal, suka ce a mayar da shi gida ya huta. Kowa ya san abin da ake nufi. Sanyi ya shigo, fakara na kuka a bayan gari, shi kuwa maharbin yana kwance a gadon igiya a tsakar gida, ya rame kamar kara. Dhani Bakhsh ya zauna kusa da shi, kunya ta rufe shi har wuya.

"Jibi za mu fita," ya ce. "A mota za a kai ka har bakin gona. Da ta Baba za ka harba."

Punhal ya ɗago kai ya kalle shi. "Kai ko wani?"

"Ni."

Washegari ya aika aka ɗauko Ustad Allah Dino, tsohon mai gyaran bindiga, don ya duba ta kafin a sa mata harsashi. Ustad ya karɓe ta da hannu biyu, ya yaba ƙyallinta, sai ya leƙa bakinta ya tsaya.

"Sa'in, ranka ya daɗe, mene ne wannan a ciki?"

"Auduga ce da mai. Saboda zanzaro, kada ya yi gini a ciki. Duk haka na toshe su."

"Yaushe rabonka da cirewa?"

Dhani Bakhsh ya lissafa a ransa. Tun kafin shekarar ambaliya, lokacin da ruwa ya kwanta a gidan wata biyu ya bar gishiri a bango. Bayan nan ya goge bayansu sau dubu. Cikin kuwa, me zai taɓa wurin da yake a toshe?

Ustad ya sa ƙugiya ya zaro audugar. Ta fito jajir, tana marmashewa. Ya cire bututun daga ƙota, ya rataye shi a ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi kamar ƙararrawa. Wannan ƙwas ya ce, ya yi shiru.

"Mai ya bushe, auduga ta sha laima ta riƙe," in ji Ustad. "Tsatsa ta cinye ta daga ciki, Sa'in. Wanda ya harba wannan, da hannunsa za ta tafi, wataƙila da fuska."

"Duba sauran."

Ya duba. Ƙwas, ƙwas, har goma sha ɗaya. Kai, wannan rana! Dhani Bakhsh ya zauna a ƙasa, shi da bai taɓa zama a ƙasa gaban kowa ba. Ustad kuma, da ba a tambaye shi ba, ya ƙara da cewa ta Punhal shekara ashirin yana duba ta, cikinta fes, don bindigar da ake harbawa dole a wanke ta.

Da safen da aka yi alkawari Punhal ya sa an zaunar da shi. An naɗa masa rawani, an yafa masa ajrak, mayafinsa mai zane-zane, ɗamarar harsashi ta zagaye ƙugunsa har ta yi saura. Ko shayi ya ƙi sha don ɗoki. Yana ganin yayansa hannu wofi, sai ya sauke ido.

"Punhal, tsatsa ta ci bututun. Ustad ya ce fashewa za ta yi."

"Tsatsa," in ji Punhal a hankali. "Wannan sabuwa ce. Ban taɓa jin wannan ba."

"Na rantse da Allah gaskiya ce! Bari in kawo ka gani da idonka."

"Bindigar da kake gogewa kullum kamar jariri? Haba Ada." Ya yi ɗan murmushi, ba fushi a cikinsa, abin da ya fi kashe Dhani Bakhsh ke nan. "Kada ka wahalar da kanka. Abarka ce."

Dhani Bakhsh ya ruga ɗaki da tsufansa, ya dawo da bututun da jar audugar a tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa, yana cewa ka ji, ka ji. Amma Punhal ya riga ya kwance ɗamarar, ya kwanta, ya juya fuska ga bango.

"Ba komai, Ada," ya ce. "A bari sai baɗi."

Kwana tara bayan nan aka binne shi, ba a ma fara yankan rake ba.