Rabon Floarea

Kwalbar ba ta yi ƙara ba. Ma'aikacin gidan abincin ya murza toshiyarta cikin farin ƙyalle, ta yi ɗan huci, shi ke nan.

"Ta mutu," in ji tsoho Toader. "Ɗan samari, mayar musu, sun sayar muku da wadda ta sha iska."

"Haka ake buɗe giyar shamfen ta gaske, Baba," in ji ɗansa Horia. "Mai ƙara ta gidan biki ce."

Sanda, matar Horia, ta yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar, ta gyara wa surukinta wuyan kwat. Kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa Floarea ce, ba shi da wata.

Gidan abincin yana can ƙololuwar wani dogon bene, birnin Bukares duk yana ƙarƙashin ƙafarka, kuma sai ka yi wata da watanni kana jira kafin a ba ka tebur. Horia ya jira. Mu mutanen birnin nan haka muke, in za mu yi wa mutum abin da ba ma so a yi mana, sai mun fara ciyar da shi abu mai tsada. Horia ya riga ya kama wa mahaifinsa ɗaki a gidan tsofaffi na bayan gari, ya kuma samu mai sayen gidan tsohon na ƙauye. Abu ɗaya ya rage, a gaya wa mai gidan. Tun da suka zauna yake neman ta inda zai fara maganar, kunya kuma tana cin sa.

Yana da hujja, ba a ce ba shi da ita ba. A sanyin bana tsohon ya zame a bakin rijiya, ya wuni kwance a ƙanƙara sai da wata maƙwabciya ta gan shi. Horia ya yi ta maimaita wa kansa wannan a mota, amma da ya ga hannun mahaifinsa a kan farin mayafin tebur, duk kanta da tsagewa, sai hujjar ta ƙanƙance.

Aka kawo faranti mai faɗi, a tsakiyarsa ɗan baƙin ƙwan kifi a kan abin da bai kai loma ba.

"Wannan ɗanɗano ne, ko wani ya riga ni?" in ji Toader.

"Ci dai, Baba, akwai kala bakwai a gaba," in ji Sanda.

"To, a haɗa min su wuri ɗaya, 'yata, ko na san na ci."

Ya ci, ya yaba don kada ya ba su kunya. Ya ci hantar agwagwa, ya ce Floarea da ta soya ta da albasa da ta fi haka. Kofinsa kuwa bai taɓa ba. Kumfa na ta hawa a ciki, shi yana ta leƙen ƙarƙashin tebur kamar wanda ya yar da maɓalli.

* * *

Sai da aka kwashe farantin nama Sanda ta taka ƙafar mijinta.

"Baba," in ji Horia, idonsa a kan cokali, "akwai wani wuri da muka gani. Da lambu, da likita dare da rana. Ba nisa da mu, duk Lahadi za mu zo."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Mutumin da ka turo ya zo ya auna gidan. Har rijiya ya leƙa. Na ba shi giyata ya sha, yaron kirki ne." Tsohon ya goge baki. "Kai Horia, tun kana ƙarami in ka fasa abu sai ka kawo min ruwan wanke hannu ba a aike ka ba."

Horia ya so tsohon ya yi faɗa, ya buga tebur, mutane su juyo. Da ya samu abin kamawa. Sai ga shi an bar shi da laifinsa shi kaɗai.

"Ɗakin a ƙasa yake?" Toader ya tambaya.

"Hawa na uku, Baba. Amma akwai lif."

"Na uku." Toader ya jinjina kai. "Kabarin uwarka fa, wa zai kunna mata kyandir?"

"Za mu sa wani ya riƙa yi," in ji Sanda da sauri.

"Wani. To, madalla."

Sai a lokacin ya ɗauki kofin. A ƙauyensu ba a kai abin sha baki sai an zuba wa matattu kurɓin farko a ƙasa, ƙasa ta shanye ta kai musu. Horia ya san wannan sarai, shi ma ya yi da hannunsa yana yaro, ya dai manta ne da ya zaɓi gidan abinci a sararin sama. Yanzu ya gane abin da tsohon yake ta nema a ƙarƙashin tebur.

"Baba, don Allah, ba a nan ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ai ba ta taɓa shan irin wannan ba. Bari ta ɗanɗana abin ɗanta."

Ya karkata kofin a gefen kujera, ya ce, "Allah ya gafarta miki, Floarea." Shamfen ta zuba a kan dutsen daɓe mai sheƙi, ta yi ɗan kumfa, ta tsaya cak. Su ukun suka zuba mata ido. Ba ta da inda za ta shiga.

"Can gidan tsofaffin ma haka daɓen yake?" tsohon ya tambaya.

Horia ya kawar da kai, ya dubi taga.

Ma'aikacin ya riga ya iso, ba hayaniya, don an koya musu kada baƙo ya ji kunya. Ya durƙusa da farin ƙyallensa.

"Ba komai, ranka ya daɗe, kowa hannunsa na kuskure. Yanzu zan ƙara maka."

"Bar shi—" in ji Horia, amma muryar ba ta fita yadda za a ji ba, bai kuma sake faɗa ba.

Toader ya dubi ɗansa, ya ɗan jira. Sannan ya ce, "Yi haƙuri, ɗan samari, na ɓata muku wuri." Ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama, da tsofaffin takalmansa, don a samu a goge da kyau.